Yini Ɗaya a Kan Tsaunin Inabi: Orvieto, San Gimignano, Montepulciano ko Montalcino?

Wanda ya sauka a Roma ko a Firenze (Florence), a ƙasar Italiya, ya yi kwana uku yana bin layi a ƙofar gidajen tarihi, a rana ta huɗu zuciyarsa kan fara neman iska. A nan ake fara yi masa ruwan shawarwari: je ka garin nan mai hasumiyoyi, a'a je ka wanda ke kan dutse, a'a wanda giyarsa ta fi tsada. Garuruwa huɗu ne sunayensu suka fi yawo a baki, uku a yankin Toskana, ɗaya a Umbriya. A hoto kamar uwa ɗaya ta haife su: ganuwa, jan rufi, majami'a a tsakiya, gonakin inabi sun yi layi-layi a gangare. In ka taka ƙasa kuwa, bambancin da ke tsakaninsu ya isa ya gyara maka yini ko ya ɓata shi.

Zan bar sunayen yadda suke a tikiti da allunan hanya, tunda su za ka nema da ido. Furucin ba wuya. Montalcino ka karanta shi yadda Bahaushe zai karanta, c ɗin irin namu ne. Montepulciano ma haka, sai dai i ɗin da ke bayan c ba ya fita. San Gimignano kuwa San Jiminyano ake cewa.

Masu tallan yawon buɗe ido da sunan giya suke jera garuruwan nan, wanda kwalbarsa ta fi daraja shi ne a sama. Ni ban ga hikimar bin wannan jeri ba. Mai yini guda, abin da ya kamata ya zaɓa masa gari shi ne inda ya kwana, da ko akwai mota a hannunsa, sai kuma lafiyar gwiwarsa. Dalilin yana cikin tarihin wuraren. Mutanen da ba don sha'awar hange suka hau tsauni suka kafa gari ba. Tsoron hari ne, da zazzaɓin fadama, domin kwarin Chiana da ke ƙarƙashin Montepulciano ya daɗe yana fadama mai sauro kafin a janye ruwansa. Da aka zo shimfiɗa layin dogo a ƙarni na 19, sai ya bi kwari inda ƙasa take a miƙe, ya bar garuruwan a sama suna kallonsa. Saboda haka tashar da ke ɗauke da sunan gari sau da yawa ba a garin take ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma Montepulciano ya fi kowa koya wa baƙo wannan darasi: tasharsa ta jirgi tana can kusan kilomita 10 daga ganuwa.

Orvieto ne kaɗai a cikin huɗun ya warware wannan matsala, kuma ya warware ta tun 1888. Yana kan babban layin da ya haɗa Roma da Firenze, daga Roma sa'a ɗaya ne da 'yan mintoci. Kana fita daga tasha, ka tsallaka ɗan fili, ga tashar wani ƙaramin jirgi da igiyar ƙarfe ke ja zuwa sama, wanda suke kira funicolare. A farkon zamaninsa da nauyin ruwa yake aiki: a cika tankin taragon da ke sama, ya yi nauyi ya gangaro, gangarowarsa ta jawo ɗan'uwansa na ƙasa. Tun 1990 da lantarki yake tafiya. Cikin 'yan mintoci ya dire ka a Piazza Cahen, a bakin gari, ba ka zubar da gumi ko ɗigo ba.

Garin yana zaune ne a kan wani faffaɗan dutse na tokar aman wuta da ta daskare, tufo a bakinsu, gefensa a tsaye cak kamar an yanka da wuƙa. Dutsen shi ne ganuwa. Kuma da yake samansa kusan a shimfiɗe yake, tafiya a cikin gari ba ta da hawa mai tsanani. In da tsoho a tawagarku, ko yaro da za a tura a keke, wannan kaɗai ya kusa yanke hukunci.

Taku kaɗan daga inda jirgin ya sauke ka akwai abin da, a ganina, ya fi kowane abu a garuruwan huɗu cancantar kuɗin shiga: rijiyar San Patrizio. A 1527 sojojin Charles na Biyar, sarkin Jamus da Sifaniya, suka wawushe Roma, Fafaroma Clement na Bakwai ya tsere zuwa Orvieto. Da ya duba, dutsen ya fi ƙarfin mahara, amma bai fi ƙarfin ƙishirwa ba; in aka yi wa garin ƙawanya, ruwa ne zai ci shi. Sai ya sa magini Antonio da Sangallo ƙarami ya haƙa rijiya, aka gama a 1537. Zurfinta kimanin mita 53. Abin mamakin ba zurfin ba ne, matakalar ce. Matakala biyu ne suka nannaɗe jikin rijiyar kamar igiya mai tufka biyu, ɗaya ta sauka, ɗaya ta hawa, kowace da taki 248, kuma ba inda suka haɗu sai can ƙasa a bakin ruwa. An yi haka ne don alfadarai masu saukowa da tuluna wofi kada su yi karo da masu hawa da ruwa. Tagogi kusan 70 ne ke shigo da haske, kana sauka kana hangen wani a ɗaya gefen yana hawa, kusa da kai ƙwarai, amma ba hanyar da za ku gaisa da hannu. Sauka daɗi, sanyi yana ƙaruwa. A hawan ne mutum ke tuna cewa don alfadari aka yi matakalar.

Babbar majami'ar garin an aza harsashinta a 1290, aka yi kusan ƙarni uku ana aikinta. Gefunanta ratsi-ratsi ne, farin dutse da baƙi, fuskarta kuwa an lulluɓe ta da ƙananan duwatsu masu ruwan zinariya. Tana kallon yamma, don haka ka bar ta sai bayan la'asar, lokacin da rana ke dukanta tana walƙiya. A ciki akwai zanen bango da Luca Signorelli ya fara a 1499, na ƙarshen duniya da tashin matattu, mutane suna fitowa daga ƙasa wasu da tsoka wasu ƙashi zalla. Ƙarƙashin garin kuma rami ne a kan rami, sama da 1,000, waɗanda aka yi ta haƙawa tun zamanin Etruskawa, mutanen da suka riga Rumawa zama a nan har Roma ta ci garinsu a shekara ta 264 kafin miladiyya. Ana shiga wani sashe da ɗan jagora, kimanin sa'a ɗaya, a ga tsohuwar matsar man zaitun da bangaye masu ɗaruruwan ƙananan ramuka inda ake kiwon tantabaru, naman da ba ya ƙarewa ko an rufe ƙofar gari, tunda tsuntsun da kansa yake fita kiwo.

Aibin Orvieto guda ne, amma na gaske. In hoton da ke kanka shi ne tuddai masu laushi da dogayen itatuwa sirara a jere kan hanya, ba nan ba ne. Ta gefen tasha abin da za ka hango shi ne babbar hanyar mota ta A1 da layin dogo da sabon gari. Akwai gonakin inabi da zaitun, ana ganinsu ta sauran gefunan, amma ba su ne ke rungumar garin ba. Daga Firenze kuma tafiyar ta kai sa'a biyu ko fiye, ribar ta ragu.

Wanda ya kwana a Firenze ko Siena, birnin da ke kudu da ita, ba mota, San Gimignano ne ya fi kusa da hannunsa. Shi ma ba shi da tashar jirgi. Ana sauka a Poggibonsi, a kama bas na kusan rabin sa'a. Daga Firenze gaba ɗaya ka ƙiyasta sa'a ɗaya da rabi, daga Siena kuma akwai bas da ke kaiwa. Bas yana tsayawa daf da ƙofar San Giovanni, kuma garin ƙarami ne, daga ƙofa zuwa ƙofa bai fi tafiyar minti 15 ba. Tsauninsa ma bai kai na sauran biyun Toskana tsawo ba, mita 300 da 'yan kai.

Hasumiyoyinsa ne suka yi masa suna. Ana cewa a lokacin ganiyarsa sun kai 72, yau 14 suka rage. Ba sarki ne ya gina su ba, attajirai ne, kowane gida yana so ya leƙa kan maƙwabcinsa. Kuɗin daga za'afaran suka zo, da kuma matafiya, domin garin yana kan Via Francigena, hanyar da masu ziyarar ibada daga arewacin Turai ke bi zuwa Roma. Gasar ta yi ƙamari har hukuma ta kafa dokar hana kowa wuce tsawon hasumiyarta. Gidan Salvucci kuwa biyu suka gina a jere, suna nan har yau. Daga baya hukumar ta gina Torre Grossa, mita 54, aka gama a 1311, ita ce ake hawa yanzu, taki sama da 200. Sai annobar 1348 ta zo ta share jama'a, a 1353 garin ya miƙa wuya ga Firenze, arziki ya tafi. Talaucin nan shi ya adana shi. Sauran garuruwa sun samu kuɗin rushe tsoho su gina sabo, San Gimignano bai samu ba, ya tsaya yadda yake har UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1990.

Matsalar ita ce kowa ya san wannan labari. Daga misalin ƙarfe 11 na safe zuwa 4 na yamma, tsakanin Mayu da Satumba, manyan motocin 'yan yawon buɗe ido suna juye mutane a ƙofa ɗaya, su bi titi ɗaya, su taru a dandali ɗaya, wato Piazza della Cisterna mai tsohuwar rijiya a tsakiya. Titin ya cika da shagunan tsaraba, wasu kayan ma ba a garin aka yi su ba. Wanda ya zo a wannan tsakani ya tafi a cikinsa zai koma yana cewa kasuwa aka kai shi. Maganin ba wuya: ka iso kafin 9 da rabi, ko ka tsaya har rana ta yi sanyi motocin su watse. Kuma ka saki babban titi. Lungu biyu kacal ka karkata, sai ka ji shiru, ka ga wanki a taga. Ka hau kangon ganuwar Rocca, daga nan hasumiyoyin ke fitowa a jere da gonakin inabi a bayansu, ba tare da ka biya ko sisi ba.

In aka ajiye Orvieto da San Gimignano gefe da gefe, na farko gari ne da mutane kusan 20,000 ke zaune a yankinsa suna harkarsu ko da baƙo ko babu, na biyu kuwa ya fi kyau a ido amma ya fi dogara da aljihun baƙo. Orvieto ya cika yini har ya yi saura. San Gimignano sa'a huɗu sun ishe shi, sai dai in kai mai son zanen bango ne, domin majami'arsa ta Collegiata a lulluɓe take da zane daga ƙasa har rufi.

Labari yana sauyawa da zarar makullin mota ya shigo hannu, domin a nan ne Montepulciano ke tsallake kowa. Ba mota ma ana zuwa, ta tashar Chiusi da ke kan layin Roma zuwa Firenze sannan bas, ko ta bas daga Siena, amma motocin ba su da yawa, ranar Lahadi kuwa sai addu'a. Mutum yakan ƙare da sa'a biyar a hanya don sa'a uku a gari. Da mota, daga Firenze kimanin sa'a ɗaya da rabi ne, daga Roma kimanin biyu.

Garin yana kwance ne a kan doron tsauni mai tsawon mita 605, dogo siriri, kwarin Chiana a gabas, kwarin Orcia a yamma. Babban titinsa, Corso, yana farawa daga ƙofar Prato a ƙasa ya yi ta hawa ba sassauci har Piazza Grande a ƙoli. Don ka gane irin hawan: ranar Lahadin ƙarshe ta Agusta unguwannin garin takwas suna gasar tura ganga mai nauyin kilo 80, mutum biyu ga kowace ganga, daga ƙasa har dandali, sama da kilomita ɗaya da rabi. Abin da suka mai da wasan ƙarfi shi za ka taka da ƙafa. Akwai ƙananan bas da ke hawa sama. Dabarar ita ce ka hau da su, ka sauko da ƙafa kana kallo. Wanda ya yi akasin haka yakan iso dandali ba ya ganin komai sai wurin zama.

Abin da Montepulciano ke da shi wanda San Gimignano ya rasa shi ne kuɗin ƙarni na 15 da na 16. Ya jingina da Firenze, manyan magina suka zo suka yi wa attajiransa gidaje. Ginin majalisar gari da ke dandali, wanda magini Michelozzo ya yi wa fuska, kamar ƙanen Palazzo Vecchio ne, ginin majalisar birnin Firenze, kuma ana hawa hasumiyarsa. Majami'ar da ke gefensa fuskarta bulo ne tsirara, ba a taɓa gama ta ba. Amma ginin da ya fi tsaya wa mutum a rai yana wajen ganuwa, a gindin tsauni: San Biagio, wanda Antonio da Sangallo babba, dangin mai rijiyar Orvieto, ya fara a 1518. Shi kaɗai yake tsaye a cikin ciyawa, dutsensa launin zuma, ba shago ba hayaniya. Ƙarƙashin gidajen attajiran kuma akwai manyan rumbunan ƙasa masu baka kamar na masallaci ko coci, cike da gangunan katako da suka fi mutum tsawo. Da yawansu ana shiga kyauta, sai dai ƙofar fita ta cikin shagon sayar da giya take bi, kuma warin tsamin inabi yana da ƙarfi a ciki. Wanda wannan zai dame shi ya sani tun daga waje.

Babbar ribar Montepulciano ita ce maƙwabcinsa. Kimanin kilomita 15 yamma akwai Pienza, ƙauyen da aka haifi Fafaroma Pius na Biyu a cikinsa lokacin ana kiransa Corsignano. Da ya hau karaga sai ya sa Bernardo Rossellino ya sake gina tsakiyarsa tsakanin 1459 da 1462, ya laƙaba masa sunansa. Wuri ne ɗan mitsitsi, a miƙe, sa'a ɗaya da rabi ta isa, kuma ba giya ce sana'arsa ba, cukun tumaki ne, pecorino, wanda ƙamshinsa ke tarbar mutum tun daga ƙofa. Daga bayan ganuwarsa ake hangen kwarin Orcia, shi ne ainihin hoton nan da ke kan kalanda, kuma UNESCO ta sa kwarin kansa cikin jerinta a 2004. Wannan ne haɗi guda da na yarda a yi a yini ɗaya. Kamfanonin da ke tallar garuruwa uku ko huɗu a rana guda, har da San Gimignano da ke can arewa, tagar mota suke sayar maka. Taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu.

Kafin ka yi murna da mota, ga tarkon da ke cin baƙi. Tsakiyar kusan kowane tsohon gari a Italiya yanki ne da aka taƙaita shigar motoci, alamarsa farin da'ira mai jan baki da haruffa ZTL. Ba shinge, ba ɗan sanda, kyamara ce kawai. Ka shiga, ta ɗauki lamba, bayan watanni takardar tara ta biyo ka, kamfanin hayar mota ya ɗora nasa kuɗin na ba da sunanka. Na'urar nuna hanya ba kullum take gargaɗi ba. Ka ajiye mota a filayen da ke wajen ganuwa, layin shuɗi na biya ne, ka ƙarasa da ƙafa. Mai lasisin da ba na Tarayyar Turai ba ya nemi lasisin ƙasa da ƙasa kafin ya baro gida. Kuma yawancin motocin haya masu giyar hannu ne, wanda bai saba tayar da mota a kan hawa ba ya nemi mai sarrafa kanta tun da wuri.

Saura Montalcino, wanda sunansa ya fi na kowa nauyi, kuma shi na fi jinkirin tura mutum. Yana kimanin kilomita 40 kudu da Siena, a kan tsauni mai mita 564. Ba tashar jirgi. Mafi kusa ita ce Buonconvento, sai bas. Yana da tarihi mai taɓa zuciya: da Siena ta faɗi hannun Firenze da Sifaniyawa a 1555, ɗaruruwan iyalai suka gudo nan, suka ci gaba da kiran kansu jamhuriyar Siena har 1559. Sansanin da suka fake a cikinsa, wanda aka gina a 1361, yana nan, ana hawa kan bangonsa a ga ƙasa har inda ido ya gaji. Amma ka lura, a cikin sansanin kansa shagon giya ne. Wannan ya gaya maka komai game da garin. Har tsakiyar ƙarni na 20 wuri ne na talakawan manoma, jar giyarsa mai suna Brunello ce ta ɗaga shi, kuma yau kusan kowace ƙofa ta uku a kanta take ci. Wanda ba ita ta kawo shi ba, sa'a biyu zai yi ya fara duba agogo.

Abin da ke fansar tafiyar yana wajen gari, kilomita 10 kudu: tsohuwar majami'ar Sant'Antimo ta ƙarni na 12, ita kaɗai a cikin kwari tsakanin itatuwan zaitun. Garin kuma ya shahara da zuma. Sannan ya fi Montepulciano shiru, ya fi San Gimignano shiru nesa ba kusa ba. In natsuwa kake nema kuma kana da mota, ba za ka yi nadama ba; in kallo kake nema, maƙwabtansa sun fi shi kaya.

Ga wanda giyar ce ta kawo shi, bambancin a taƙaice yake. Orvieto da San Gimignano fara suke yi, mai sauƙin kuɗi. Vernaccia ta San Gimignano ita ce ta fara samun DOC, tambarin hukuma mai tabbatar da asalin giya, a duk Italiya, a 1966. Montepulciano da Montalcino ja suke yi daga inabin Sangiovese, dukansu suna cikin na farko da suka samu tambari mafi girma, DOCG, a 1980. Vino Nobile, giyar Montepulciano, ana yarda a gauraya ta, muddin Sangiovese ya kai kashi 70 cikin 100, ta yi shekara biyu a ajiye. Brunello ba gauraye, kuma ba ta fita kasuwa sai a shekara ta biyar bayan girbi. Jiran nan na cikin abin da ya sa ta tsada. Kwalbar da aka rubuta wa Montepulciano d'Abruzzo kuwa ba ta da alaƙa da garin, sunan wani inabi ne na wani yanki dabam. Gonakin da ke karɓar baƙi yawanci sai an yi alƙawari tun kafin a zo, kuma dokar tuƙi a Italiya ba ta yarda barasa ta wuce giram 0.5 a litar jini ba, don haka direba ɗan kallo ne.

Wanda kuma ba ya sha, kada sunan yankin ya kore shi. Gonar inabi gona ce, kyanta ba ya buƙatar kofi, kuma ƙasar da ke ba da inabi ita ke ba da zaitun da alkama da zuma. Inda ake buƙatar ido shi ne faranti. Wannan yanki na masu son naman alade ne, na gida da na daji. Cinghiale aladen daji ne, kuma miyarsa da jar giya ake dafa ta. Prosciutto, pancetta, guanciale, finocchiona, duk alade ne. Strutto kitsensa ne, yakan ɓuya a cikin wasu kayan gashi. Kalmomi biyu za su yi maka aiki: senza maiale, ba alade, da senza vino, ba giya. Abin da ya fi kwanciyar hankali a Montepulciano da Montalcino shi ne pici all'aglione, taliya mai kauri da ake murzawa da hannu, da miyar tumatir da tafarnuwa. Burodin Toskana ba gishiri a cikinsa, kada ka ɗauka mantuwa aka yi. Da man zaitun ake cinsa. In aka kawo busasshen biskit mai almon bayan abinci tare da ɗan ƙaramin kofi, abin da ke kofin vin santo ne, giya ce mai zaƙi, ka ci biskit ɗin ka bar ta. Ta wannan fuska Orvieto ya fi sauƙi, don ya fi yawan gidajen abinci, kuma abubuwan kallonsa ba su rataya a kan ganga ba.

Hukuncina ke nan. Daga Roma ba mota, Orvieto, ba sai an yi dogon tunani ba. Daga Firenze ko Siena ba mota, San Gimignano, da sharaɗin sammako. Da mota daga ko'ina, Montepulciano da safe, Pienza da yamma. Montalcino na mai sha'awar Brunello ne, ko wanda ya riga ya ga sauran ya dawo neman shiru. In aka ce in ɗauki ɗaya tak in ba wanda bai taɓa zuwa ba, Orvieto zan ɗauka, duk da na san Montepulciano ya fi shi kyan kewaye, domin yini ɗaya ba ya jure asarar sa'o'i a tasha.

Wata ma yana da ta cewa. Mayu da farkon Yuni tuddai kore shar. Zuwa Yuli an yanke alkama, ƙasa ta koma ruwan toka da ƙasa-ƙasa, rana kuma tana dukan dutse ba tausayi, hawan Corso da tsakar rana a Agusta azaba ce. Satumba zuwa farkon Oktoba ake tsinkar inabi, taraktoci suna ja da kaya a kan hanya, ganye ya fara ja. Ƙarshen Oktoba da Nuwamba ake matsar sabon man zaitun, kore mai ɗan yaji a maƙogwaro, hazo ya kwanta a kwari garuruwan su fito a samansa kamar tsibirai. Daga Janairu zuwa Fabrairu gidajen abinci da yawa a Montalcino da Montepulciano sukan rufe su tafi hutu, Orvieto kuwa yana nan a buɗe.

A kowane wata, agogon garuruwan ɗaya ne. Ana ba da abincin rana daga misalin 12 da rabi zuwa 2 da rabi, bayan nan murhu ya mutu sai dare. Ƙananan shaguna da wasu majami'u sukan rufe da azahar su buɗe wajen 3 da rabi ko 4. Majami'u suna so a rufe kafaɗa da gwiwa. Takalmi ya zama mai kama ƙasa, don duwatsun titi sun sha taku sun yi santsi. Tikitin takarda na jirgin yanki sai an buga masa hatimi a ɗan akwatin da ke bakin dandamali kafin a shiga, in ba haka ba mai duba tikiti zai ci ka tara ko da ka biya kuɗinka cif. Jirgin igiyar Orvieto yana daina aiki da farkon dare, daga nan sai bas ko tasi. A San Gimignano kuwa, kana sauka da safe, kafin ka ɗaga kai ka kalli hasumiya ko ɗaya, ka je allon tasha ka ɗauki hoton jadawalin komawa. Ka duba ko ranar feriale ce, wato ranar aiki, ko festivo, wato Lahadi da ranakun hutu, don layukan biyu ba ɗaya ba ne, kuma bas ɗin ƙarshe na festivo yakan riga na feriale tashi.